Nana Asma'u: Uwar da Ta Ɗora wa Kakanni Malfa

Wata mai karanta wannan shafi ta rubuto mini daga Gusau, kwana kaɗan bayan sadakar arba'in ɗin mahaifiyarta. Ta ce tsohuwar ta haura shekara 80, ta bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, kuma kusan duk macen da ta tashi a unguwarsu a bakin tabarmarta ta koyi alwala da Fatiha da hukuncin wankan tsarki. Ranar addu'a sai wani dattijon malami ya ce marigayiyar 'yar Nana Asma'u ce a aiki, ko da ba su haɗa jini ba. Maganar ta tsaya mata a rai. Shi ne take tambaya: ita wannan Nana Asma'u da ake faɗa, ta yi aure kuwa? Ta haihu? Ta goyi jika? Ko dai rayuwarta duka tsakanin alƙalami da tawada ta ƙare?

Hajiya, Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta. Tambayarki ta tona wani giɓi da mu masu rubutu muka bari. Sunan Nana Asma'u yana jikin allunan makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'inmu. Kowa ya san 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, kowa ya ji cewa ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, har an tattara ayyukanta fiye da 60. Amma da wuya a ji an ambace ta a matsayin matar gida wadda ta yi naƙuda, ta yi yaye, ta ga rasuwar ɗanta, ta ga jikanta ya hau kujerar mijinta. Ni kuwa a ganina, wanda bai san wannan gefen na rayuwarta ba, ba zai gane babban aikin da ta bari ba, domin aikin nan da idon uwa aka tsara shi, kuma a kan kafaɗar kakanni aka aza shi.

An haife ta a Degel a 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta. Namijin aka sa masa Hassan kamar yadda aka saba. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, sai Shehu ya raɗa mata Asma'u. Masu nazari suna danganta wannan zaɓi da Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri kogo lokacin hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifiyarta Maimuna ita ce uwargidan Shehu, ta haifa masa 'ya'ya 11, ta kuma rasu tagwayen suna ƙanana. Saboda haka a hannun abokan zaman mahaifiyarta Asma'u ta tashi, cikinsu akwai A'ishatu da ake kira Iya Garka, da Hauwa'u da ake kira Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello. Matar da daga baya aka riƙa kira Uwar Gari, marainiya ce tun tana rarrafe, kuma matan da ba su haife ta ba su suka yi mata wanka da kitso, suka zaunar da ita gaban allo. Na daɗe ina ganin a nan ta fara sanin cewa uwa ba sai wadda ta ɗauki cikinka ba.

Gidan da ta tashi kuwa ba a raba karatu tsakanin ɗa da 'ya. Shehu ya yi wa malaman zamaninsa faɗa a littafinsa Nurul Albabi kan yadda suke koyar da almajiran waje don neman suna, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Tun kafin a haifi Asma'u wani malami, Mustafa Goni, ya soki Shehu kan barin mata suna halartar wa'azinsa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar masa da amsa cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. Yayarta Hadiza malama ce, ita ta haifi shahararren masanin nan Abdulƙadir ɗan Tafa. Wato Asma'u ba ita kaɗai ba ce mai ilimi a cikin matan gidan. Abin da ya bambanta ta yana can gaba.

Ba ta wuce shekara 11 ba lokacin da jama'a suka bar Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Littattafan tarihi suna lissafa yaƙe-yaƙen da suka biyo baya ta fuskar mahaya dawaki: nasarar Tabkin Kwatto a watan Yuni, sai musibar Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda jama'ar Shehu suka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, sai yunwa da cuta a kan hanyar Zamfara, sai Alwasa a 1805. Yarinyar da ke bayan fage tare da mata wani abu dabam take gani. Tana ganin wadda aka zo aka gaya wa mijinta ba zai dawo ba, tana ganin jaririn da nonon uwarsa ya ƙafe, tana ganin tsohuwar da ta kwashi marayun da ba nata ba ta ci gaba da tafiya. A cikin wannan hali, wajen 1807, aka aurar da ita ga Usmanu Gidado ɗan Laima, aminin yayanta Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Bello ya kafa Sakkwato a 1809, ita kuma ta shiga ɗakin da za ta zauna har ƙarshen ranta, a unguwar da yau ake kira Gidadawa.

To ga amsar tambayarki ta farko, Hajiya. Ta yi aure, ta zauna da miji ɗaya fiye da shekara 40. Tarihi ya riƙe sunayen 'ya'yanta maza 5: Abdulƙadir, Ahmadu, Usmanu, Abdullahi da Muhammadu Laima. Gidan Waziri kuwa gidan baƙi ne, manzannin sarakuna da malamai matafiya nan suke sauka, har Baturen Ingila Clapperton a hannun Gidado ya zauna da ya zo Sakkwato a 1824. Duk macen da ta taɓa riƙe babban gida ta san abin da wannan yake nufi wajen daka da girki da rabon tuwo. A 1817 ta yi rashi biyu a shekara guda: mahaifinta ya rasu a watan Afrilu, Hassan ɗin da suka kwana ciki ɗaya ya bi shi a watan Nuwamba. Bayan shekara uku, a 1820, tana da shekara 27 da ƙananan yara a gabanta, ta kammala littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina.

Zan tsallake shekarun da suka biyo baya, na tattara rubuce-rubucen Shehu da mayar da wasu waƙoƙinsa zuwa Hausa, in zo kan abin da ake jayayya a kansa har yau.

A 1836 aka gwabza yaƙin Gawakuke. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk suka faɗi a fagen. Gobirawan da suka tsira suka je suka kafa Tsibiri, wadda ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kowane irin wannan yaƙi yana ƙarewa da kwararar mata da yara zuwa garuruwan waɗanda suka yi nasara. Shekara 30 ana haka. Gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyukan kewaye suka cika da matan da aka raba da garuruwansu, da yawansu ba su san karatu ba, ba sa jin Larabci ko Fulatanci, kuma abin da suka sani na neman sauƙi idan ciki ya ƙi zama, ko yaro ya yi ta suma, ko zuciya ta ƙi kwanciya, shi ne bori. Waɗannan matan su ne masu renon 'ya'yan daular. Malamai suna zaure suna karantar da maza, cikin gida kuwa wata makaranta ce dabam take ci.

A ƙasar Gobir mata suna da shugabarsu, ita ce Inna. 'Yar gidan sarauta ce, sarki ke naɗa ta, ita ce uwar 'yan bori, ita ake kai wa ƙarar da ta shafi mata, tana da fadawanta da masu yi mata hidima. Ranar fita takan yi shigar maza, ta naɗa rawani, ta ɗora malfa. Sarautar ba ta mutu ba, har gobe akwai Inna a Tsibiri, kamar yadda Katsinawan Maraɗi suke da Iya. Duk macen da aka kwaso daga Gobir ta san ma'anar malfa a kan mace: ga wadda za a bi, ga wadda za a kai wa kuka.

A wajen lokacin yaƙin Gawakuke ne Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru. Ta riƙa zaɓen dattijuwa guda daga kowane ƙauye ko gungun ƙauyuka, mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta jaji, kalmar da fatake suke kiran jagoran ayari da ita. Alamar naɗin kuwa ita ce malfa, wadda ake ɗaura wa jan ƙyalle. Jaji za ta tattaro mata daga yankinta, ta jagorance su a ƙasa zuwa Sakkwato, su zauna gaban Nana su ɗauki karatu, su koma gida su koyar.

Kan wannan malfa aka rabu gida uku.

Kashi na farko shi ne na Jean Boyd, Baturiyar da ta yi shekaru tana koyarwa a Sakkwato, ta kuma yi aiki da takardun gidan Waziri Junaidu, tare da abokiyar aikinta Beverly Mack. Su suna ganin da gangan Nana ta ɗauko alamar Inna ta ɗora wa malamanta, domin matan karkara su ga shugabancin da suka saba da shi amma ɗauke da saƙo sabo. Kashi na biyu na wasu 'yan gida ne da wannan bayani bai yi musu daɗi ba. A wurinsu bai dace a ce 'yar Shehu ta ari wani abu daga bori ba, malfa kuwa hular matafiya ce, tsohuwar da za ta yi tafiyar kwanaki cikin rana dole ta rufe kanta, shi ke nan. Kashi na uku sun fi kowa zafi. Su suna kallon lamarin ta gefen waɗanda aka ci da yaƙi, suna cewa kafin jihadi mata suna da sarautu na gaske a ƙasar Hausa, Inna da Iya da Magajiya, jihadi ya rage musu wannan matsayi, 'Yan Taru kuma dabara ce ta horar da matan da aka kama su karɓi tsarin wanda ya kama su.

Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Bayanin hular rana bai gamsar da ni ba. Da don rana ce, da kowace mace a ayarin ta sa tata, da kuma ba a buƙaci jan ƙyalle da naɗi daga hannun Nana ba. Abin da mutum ɗaya kawai yake sawa a cikin tawaga, kuma sai an naɗa masa, sarauta ce ko da ba a kira ta haka ba. Sannan Asma'u a ƙasar Gobir aka haife ta, Degel tana ƙarƙashin Sarkin Gobir, kuma matan Gobir suna cikin gidajen da take shiga kullum. A ce ba ta san abin da malfa take nufi a idonsu ba, raina hankalinta ne. Masu jin kunyar wannan aro sun manta cewa aron tufa dabam, aron aƙida dabam. A waƙoƙinta na wa'azi ta yi tir da bori ba tare da sassauci ba. Amma ba ta tsaya ga tsinuwa ba, domin ta san abin da ke kai mace gidan bori. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani, inda ta tattaro ayoyi da addu'o'in neman waraka, har da na mai ciki da mai naƙuda da mai fama da damuwa. Uwar da ta ƙwace wuƙa daga hannun yaro takan miƙa masa wani abin riƙewa, in ba haka ba kuka ba zai ƙare ba. Abin da ta yi ke nan.

Kashi na uku kuwa ba zan yi watsi da su ba, domin akwai gaskiya mai ɗaci a bakinsu. Matan nan da yawa ba da son ransu suka zo ba. Nana Asma'u kuma ba 'yar ba-ruwanmu ba ce, tana da ɓangare, ta yi waƙar murnar nasarar Gawakuke, ta yi addu'ar karyewar maƙiyan daular. Wanda ya ce zai mayar da ita 'yar rajin 'yancin mata irin na wannan zamani, ya ɗinka mata rigar da ba tata ba. Inda na rabu da su shi ne wajen cewa 'Yan Taru dabarar mulki ce kawai. Dabarar mulki takan mutu tare da mulkin. Daular ta faɗi a hannun Turawa a 1903, amma tsofaffi suka ci gaba da ɗaukar ƙwarya a ka suna taka sayyada zuwa Sakkwato da Wurno, babu dogarin da ya kore su, babu harajin da aka yafe musu. Abin da ya sa tsohuwa ta bar ɗakinta ta yi tafiyar kwana biyu ko uku a ƙasa, shekara da shekaru, ya wuce tsoron sarki.

Yanzu ga wurin da nake so ki lura da shi sosai, Hajiya, domin a nan mahaifiyarki take. Su wa Nana ta kira? Ba ta ce matan aure masu goyo su bar gidajensu su zo ba. Ta san ba zai yiwu ba, ita ma ta yi goyo. Ta san miji ba zai yarda ba, ta san hanya ba ta da tabbas, ta san tukunya ba ta jira. Sai ta kira rukuni biyu da al'ada ta sakar wa mara: dattawan mata da suka gama haihuwa, da 'yan matan da ba a kai ɗaki ba. Kaka da jika ke nan. Tsohuwa ba a yi mata ba-a-shiga. Ita ce ungozoma, ita ke wankan jego, ita ke wankan gawa, ita ake kira idan kishiyoyi sun yi faɗa, ita ke raka amarya. Duk ƙofar da aka rufe wa malami namiji a buɗe take gare ta. Yarinyar da ta bi ta kuwa, gobe ita ce amarya a wani gida, da karatun a kanta. Matar auren da ke tsakiya, wadda ba ta fita ba, karatun ya same ta har gindin murhu, daga bakin uwar mijinta ko ƙanwarta. Ban san wani tsarin ilimi a ƙasar nan da ya karanci zaman gidan Bahaushe kamar wannan ba.

Kayan karatun ma don su aka yi. Mace mai daka da kaɗi da tatsar nono ba ta da hannun riƙe littafi, amma tana da kunne da baki. Saboda haka Nana ta zuba ilimin cikin waƙa, da harshen da suke ji. Ta yi wata gajeriyar waƙa mai baiti 30 wadda ta ƙunshi sunayen surorin Alƙur'ani 114, ta fara yin ta da Fulatanci, daga baya ta mayar da ita Hausa. Ta yi waƙoƙin tauhidi, da na sallah da azumi, da na tarihin Manzo, da na tsoron ranar hisabi. A Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta yi wajen 1837, ta jero matan Annabi da 'ya'yansa da bayin Allah irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sauko gida ta sa matan jama'ar Shehu a sahu ɗaya da su, har da Iya Garka da Inna Garka da suka rene ta. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Marainiyar Degel ta girma ta rubuta sunayen matan da suka goye ta a inda ba za a manta da su ba, ta kuma nuna wa 'yar ƙauye cewa waliyya tana iya zama matar da ke maƙwabtaka da ita.

Masu zuwa ba sa zuwa hannu rabbana. Sukan kawo hatsi da zuma da man shanu da zanen saƙi a matsayin sadaka, ita kuma ta rarraba wa makafi da guragu da marasa galihu. Daga wannan aka san 'Yan Taru da ayyukan da har yau ake ganin tsofaffinmu suna yi ba tare da sun san asalinsu ba: duba mara lafiya, share masallaci, ɗebo wa gajiyayye ruwa, tsayawa kan maraya.

Idan ana son a ga zuciyarta, a duba marsiyyoyinta. Ta yi wa manya, ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Gidado. Wannan ba abin mamaki ba ne, kowane mawaƙin fada zai yi. Abin da ba a saba gani ba shi ne 'yar Shehu, matar Waziri, ƙanwar Sarkin Musulmi, ta zauna ta yi wa maƙwabciyarta Halima marsiyya saboda kirkinta da riƙon zumuncinta. Ta yi wa Zaharatu, matar da ake kira idan haihuwa ta zo da gardama, wadda take wanke gawa ta kuma koyar da masu neman sani. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi ta kawo mata ayarin ɗalibai har tsufa ya cim mata. Waɗannan mata ba su ci gari ba, ba su bar littafi ba. Da ba don Nana ba da ko sunansu ba mu ji ba. Ta auna su da ma'aunin da ake auna sarakuna, ta ga sun cika, ta rubuta. Wanda ya karanta abin da ta faɗa kan Zaharatu zai ga hoton tsohuwar da kika ba ni labari, kamar a Gusau ta zauna.

Marsiyyar da ta fi kowacce ciwo ita ce ta A'ishatu, matar Bello, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda ta rasu wajen 1855. A nan malamar ta ajiye sandar wa'azi ta yi kuka irin na wanda ya rasa abokin sirri, ta kuma kare kanta da cewa shari'a ba ta hana hawaye ba, kururuwa ta hana. Na ambaci wannan ne saboda ke da 'yan'uwanki, ko da wani zai ce muku yawan tuna Inna rashin tawakkali ne.

Tsawon rai yana zuwa da nasa haraji. Gidado ya ajiye aiki bayan rasuwar Bello, ya koma rubuta tarihin Shehu da na amininsa, ya rasu a kusa da 1850. Ɗansu Abdulƙadir ya zama Waziri a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kuma riga mahaifiyarsa rasuwa wajen 1859. Aka naɗa ɗansa Ibrahim Halilu a gurbinsa. Wato da idonta ta ga wazirci a hannun miji, da ɗa, da jika. Ba ta daina rubutu ba har shekarunta na ƙarshe, malamai daga nesa kamar ƙasar Shingiɗi, Muritaniya ta yau, suna musayar takarda da ita.

Kan shekarar rasuwarta akwai ɗan saɓani. Littafin farko da Jean Boyd ta fitar a 1989 ya sa 1865 a bangonsa, ayyukan da suka biyo baya suka koma 1864.  Ni 1864 na riƙa, tana da shekara 71 ke nan. An binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta.

Ƙanwarta Maryamu, wadda ta yi aure a gidan Sarkin Kano Ibrahim Dabo kafin ta koma Wurno, ita ta karɓi ragamar 'Yan Taru, bayanta kuma 'yarta Ta Modi. Ta ɓangaren maza, jikan Nana ne, Waziri Buhari ɗan Ahmadu, ya tsaya da mutanen Sakkwato a 1903 bayan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas. Ɗan Buhari, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya adana takardunta ya buɗe su ga masu bincike, aka buga tarin ayyukanta a shekarar da ya rasu. Daga nan sunan ya ƙetare teku, har wasu Musulmi mata baƙaƙen fata a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiyar karatu suka kira ta 'Yan Taru.

Gusau ba ta da nisa da hanyoyin da jajin Nana suka bi. Ki tambayi tsofaffin da suka rage a unguwarku a wurin wa Inna ta yi karatu, ita ma waccan a wurin wa ta ɗauka, ki rubuta sunayen tun masu tunawa suna raye. Idan akwai wata waƙar wa'azi da takan rera tana tsince hatsi ko tana lallashin jika, ki sa wadda ta fi riƙe ta a cikinku ta rera, ki ɗauka a waya. In kuma wajen rabon kayanta kun ci karo da 'yan takardun ajami a ƙasan adaka ko cikin gafaka, ko da sun yi ja sun cinye a gefe, ku naɗe su a tsumma mai tsabta ku kai wa wanda ya iya karanta su.